Wuya Biyu, Mabuɗi Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tara kalmomi don koyon wani harshe ya san siffofi biyu da tarin nasa kan ɗauka, ko da bai raɗa musu suna ba. Ta farko ita ce jeri: kalma na bin kalma yadda aka tsince su, ta jiya a sama, ta yau a ƙasa. Ta biyu ita ce ƙamus, inda ba ruwan mai nema da ranar da kalma ta zo ko ta nawa ce a layi. Sunanta zai kira, ta amsa. Ɗalibi kan fara da jeri a littafin aji, sai ranar da shafuka suka yi yawa, nema ya zama jan aiki, sannan ya fara marmarin ƙamus.

Masu rubuta manhajar shafukan intanet ma da siffofin nan biyu suke kwana suke tashi. A JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, wanda kuma kowace burauza ke ji a yau, jeri shi ne `Array`. Kama yake da layin bokitai a bakin famfo: kowane bokiti da gurbinsa ake saninsa, sai dai ƙidayar daga sifiri take farawa, na gaba shi ne na 0, mai bi masa na 1. Bokitai biyu masu launi ɗaya ba sa hana juna zama a layin. Ɗaya siffar kuwa ita ce `Object`, wadda za a kira ma'aji a nan, domin ta fi kama da akwatunan gidan waya: kowane akwati da mabuɗinsa, kowane mabuɗi da ajiyar da yake buɗewa. Wanda ya zo da mabuɗi ba ya bin layi. A harshen Python sunan irin wannan tsari `dict`, gutsuren kalmar Ingilishi mai nufin ƙamus, abin da ke nuna hoton da ke zukatan waɗanda suka raɗa masa sunan.

Dalilin mayar da jeri ma'aji ba ɓoyayye ba ne. Neman kalma a jeri bin ta ake yi ɗaya bayan ɗaya har a ci karo da ita, in kuwa ba ta nan sai an kai ƙarshe kafin a sani. Ga nema guda wannan ba komai ba ne, ko tsohuwar waya ba za ta ji a jikinta ba. Amma a ce shafin karatu ne mai kalmomi 500, ana son kowace kalma ta fito da ma'anarta, jerin kuma ya kai kalmomi 5,000. Kwatancen da na'ura za ta yi na iya kaiwa miliyan biyu da rabi, alhali da ma'aji ƙwanƙwasa ƙofa 500 kawai za ta yi.

Irin wannan shafi wata malama ƴar asalin Maraɗi take so. A Yamai take koyar da Hausa, ɗalibanta kuwa galibi manya ne: ma'aikata Zabarmawa da za a tura gabas, da baƙi ƴan ƙasashen waje da aiki ya kawo. Shekara da shekaru tana tara kalmomi a kan katuna da take yankawa daga kwali. Kowane kati na ɗauke da kalma, da ma'anarta da Faransanci, da jimlar da aka ji ta a ciki, sannan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wurin da aka ji ta da irin mutumin da ya faɗe ta: mai kayan miya a kasuwa, direban motar Damagaram, wata tsohuwa a Gobir. Ba ta jera katunan bisa abacada ba. Yadda suka zo haka ta bar su, saboda a ganinta zuwan nasu ma labari ne. Ƙanenta, autan gidansu, wanda ya koyi rubuta manhaja, shi ya zauna a lokacin hutu ya shigar da su kwamfuta kati bayan kati. Da ya gama sai tarin ya zama dogon jeri, kowane gurbi ɗauke da kalma da bayaninta. Saura mayar da shi ƙamus.

"Yaya, wannan ai layi ɗaya ne," in ji shi, ya nuna mata:

```
const ƙamus = Object.fromEntries(jeri);
```

Gaskiyarsa. Tun bugun ƙa'idojin harshen na 2019 umarnin `Object.fromEntries` yake karɓar jerin abubuwa bibbiyu, ya ɗauki na farko ya yi mabuɗi da shi, na biyu ya zama ajiya. Ko ƙ mai ƙugiya da ya sa a sunan ƙamus bai ɓata komai ba, don JavaScript na yarda da baƙaƙen kowane harshe a sunayen da mai rubutu ya raɗa.

Malama ba ta karanta JavaScript, amma ta san ƙamus. Ta sa ya maimaita mata bayanin akwati da mabuɗi, ta yi shiru, sannan ta ce, "To Auta, in mabuɗi ɗaya akwati ɗaya yake buɗewa, tsakanin wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha, wa zai kwana a waje?"

Ya ce gani ya kori ji. Suka zaɓi katuna shida suka gwada; an sa bayanin da Hausa a nan maimakon Faransancinta:

```
const jeri = [
  ["gari", "mazaunin jama'a"],
  ["wuya", "mahaɗin kai da jiki"],
  ["kuka", "zubar da hawaye"],
  ["gari", "niƙaƙƙen hatsi"],
  ["wuya", "wahala"],
  ["kuka", "itacen da ake miya da ganyensa"]
];
```

Shida suka shiga, uku suka fito. Gari ya zama niƙaƙƙen hatsi kaɗai, wuya ta zama wahala kaɗai, kuka kuwa itace. Mabuɗan sun riƙe gurabensu na farko, gari a sama, wuya na bi masa, har wanda ya leƙa sama-sama zai ce komai na nan yadda aka zuba shi; abin da ke cikin akwatunan ne ya sauya, na ƙarshe ya kori na farko.

Abin da ya fi tsaya wa malama a rai shi ne shirun da aka yi. Ba jan rubutu, ba gargaɗi, ba ko tari. A ƙa'idar harshen wannan ba kuskure ba ne: wanda ya sake zuba ajiya a mabuɗin da ke akwai, ana ɗauka sabunta ta yake son yi. Kuma a galibin ayyuka daidai ke nan. In farashin buhun gero ya tashi, sabon farashi ya kamata ya kori tsoho. In mutum ya sauya lambar waya, ba a son tsohuwar ta ci gaba da amsawa. Na'ura ba ta da hanyar sanin cewa gari na biyu ba gyaran gari na farko ba ne, wani mahaluki ne daban da ya zo da riga iri ɗaya. Ba kuma halin `Object` kaɗai ba ne. Ɗan'uwansa `Map`, wanda ya shigo harshen a 2015, haka yake yi in an ba shi jerin nan, haka ma `JSON.parse` in ya tarar da mabuɗi sau biyu a rubutun da aka ba shi.

Laifin, in laifi ne, tsakanin na'ura da rubutun boko ya kamata a raba shi. Bahaushe ba ya rikita waɗannan kalmomi a baki, domin kunnensa na jin abubuwa biyu da alƙalami ya bari a baya: tsawon wasali da karin sauti. Gàrii na jama'a gajeren wasali gare shi a gaɓar farko, gàarii na tuwo dogo. Wuyàa na jiki daga sama yake farawa ya sauka, wùyaa ta wahala daga ƙasa take tashi. Jinsinsu ma ya bambanta, shi ya sa ake cewa wuyan riga amma wuyar aiki. Kuukaa na hawaye sama-sama ne, kuukàa ta miya sama da ƙasa, ga kuma kukà ta "da kuka zo", mai gajerun wasula, wadda ba suna ba ce ma sam. Baba kuwa gida ne mai ɗakuna: bàaba uba, baabà gwaggo, baabaa shukar da ake rini da ita. Rubutun yau da kullum duk ya haɗe su a baƙaƙe huɗu, ya bar wa jimla aikin rarrabewa, jimla kuwa kan yi aikin ba tare da mai karatu ya lura ba. Ajami a nan ya ɗan fi boko adalci, tunda yakan nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, har garin tuwo ya bambanta da garin sarki. Sai dai shi ma ba ya rubuta karin sauti. Mabuɗin ma'aji kuwa ba shi da jimla a gefensa. Baƙaƙe kawai yake gani, kuma bai taɓa jin cewa kama da wane ba wane ba ne.

Akwai katin da malama ta zaro da kanta don Auta ya ga girman abin. A Nijar, malamin makarantar boko namiji akan ce masa mushe, daga kalmar Faransanci ta girmama namiji. A ko'ina cikin ƙasar Hausa kuma mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Furucinsu ba ɗaya ba ne, rubutunsu ɗaya. Ɗalibin da ya karanta "mushe ya shigo aji", ya taɓa kalmar, shafi ya amsa masa da ma'ana ta biyu kaɗai, to ranar sai dai a ba shi haƙuri.

Wannan dai abin dariya ne, kuma kuskuren da ke ba da dariya mai sauƙi ne, don yana tona kansa. Wanda ba ya tona kansa shi ne abin tsoro. Ma'anar da kowa ya sani, in ta faɗi, za a tsince ta a kowane ƙamus, ɗalibi ma zai zo da ƙorafi kafin mako ya zagayo. Amma cikin katunan akwai waɗanda malama sau ɗaya ta ji su, daga bakin tsofaffin da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya: sananniyar kalma da wata ma'ana da ba a cika ji ba, a aikin rini, ko saƙa, ko kiwo. In irin wannan ta zo da fari a jeri, sananniyar ta zo daga baya, to ta tafi ke nan, ba wanda zai yi cigiyarta, domin ba wanda ya san ta taɓa zama a wurin. Wadda ta tsira kuma ba cancanta ce ta tsirar da ita ba, illa dai ranar da Auta ya buga ta ta zo bayan ranar da ya buga ƴar'uwarta. Da a ce an ɗauki ma'ajin a matsayin kammalallen aiki, aka share jerin, aka bar kwalayen ga gara, da asarar ta tabbata ba tare da an yi mata ko ta'aziyya ba.

Maganin da ya fara zuwa wa Auta shi ne wanda zai zo wa duk mai hankali: a sa karin sauti da tsawon wasali a jikin mabuɗin, kowane ya fita daban. Manyan ƙamusoshi tun tuni suke nuna su. Bargery ya yi a 1934, Abraham ya yi a 1949. Malama ta yarda a rubuta su a jikin kowane kati, don ɗalibi na bukatarsu fiye da kowa. Amma a yi mabuɗi da su, ta ce a'a. Wanda ya zo neman gari bai san ko gàrii ne ko gàarii ba. Abin da ya zo tambaya ke nan. A ce sai ya rubuta amsar kafin a buɗe masa ƙofa, tamkar a kulle mabuɗi ne cikin ɗakin da ake son shiga.

Shi ma Auta da ya zurfafa sai ya tarar da nasa dalilan. Littattafai ba su haɗu a kan hanya ɗaya ta nuna tsawon wasali ba: wasu na ninka shi, wasu na ɗora masa sanda a ka, ga na'ura kuwa aa da ā baƙin juna ne. Ko à ɗin ma hanya biyu ake rubuta shi a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa: ko dai harafi guda da aka ƙera da alamarsa, ko kuma a tsura a biyo shi da alamar a matsayin harafi na biyu. Ido ba ya bambanta su a fuskar waya, ma'aji kuwa mabuɗai biyu yake gani. Akwai umarnin `normalize` da ke daidaita wannan, amma sai an tuna da shi a lokacin ajiyewa, an kuma tuna da shi a lokacin nema.

Abin da ya rufe maganar shi ne kai. Kâi na jiki karinsa faɗuwa yake yi, ya fita daban. Amma kai na "kai ne ka zo" da kai na "ya kai shi kasuwa" duka karin sama gare su, wasalinsu ɗaya, ba alamar da za ta raba su. Masu ƙamus na takarda kan fita daga wannan ta hanyar jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, wani lokaci da ƴar lamba a kafaɗa. A takarda hakan na aiki, saboda idon da ya sauka a kan na farko ba makawa zai ga na biyu a ƙarƙashinsa. A ma'aji kuwa kai1 da kai2 akwatuna ne da ba su san juna ba, wanda ya rubuta kai tsura kuma ba zai sami ko ɗaya ba.

A nan malama ta faɗi abin da ya zama tushen aikin. Ta ce ai shafin ƙamus na takarda ba ma'ana ɗaya yake bai wa mai nema ba, wuri yake kai shi, ya tarar da duk masu sunan a zaune, ya zaɓa da kansa. To a bar mabuɗi yadda ɗalibi zai rubuta shi, amma abin da ke cikin akwatin kada ya zama kati ɗaya, ya zama ƙaramin jeri. Auta ya rubuta:

```
const fihirisa = jeri.reduce((tari, [kalma, bayani]) => {
  if (!tari[kalma]) tari[kalma] = [];
  tari[kalma].push(bayani);
  return tari;
}, {});
```

Umarnin `reduce` tsoho ne, tun bugun 2009 yake nan. Aikinsa shi ne bin jeri gurbi bayan gurbi da ƙwarya a hannu, yana zuba abin da aka ce ya zuba. A nan ƙwaryar ma'aji ne fanko. Duk kalmar da aka iso, in ba ta da akwati sai a buɗe mata da jeri fanko a ciki, sannan a ƙara bayaninta a ƙarshen abin da ke ciki, ba a bisa kansa ba. Bayani ya sa a maimakon ma'ana don dole, tunda alamar hamza ta allon rubutu a wurin JavaScript buɗe zance take yi, ba ta shiga suna. Bugun 2024 ya zo da `Object.groupBy`, wanda ke yin kusan wannan aiki a layi ɗaya, amma Auta ya tsaya a kan tsohuwar hanya, saboda wayoyin ɗalibai da yawa sun girmi sabon umarnin. Da suka sake gwada katunan nan shida, mabuɗai uku suka fito kamar dā, sai dai kowane da ajiya biyu.

Da an tsaya nan da an ce an gama, amma matsalar na da ɗaya fuskar. Dā kalmomi da yawa ne ke rububin mabuɗi ɗaya. Yanzu kuma kalma ɗaya ce ke zuwa da mabuɗai da yawa. Nijar, wadda ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance a 1999, da ƴ take rubuta ƴaƴa. Nijeriya kuwa 'ya'ya take rubutawa. Alamar da ke gaban y ɗin ma ba ɗaya ba ce: akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya da manhajojin rubutu ke musanya ta da ita ba a tambaye su ba, akwai kuma ta uku da Unicode ke lissafawa cikin haruffa. Kalma ɗaya, rubutu huɗu, kuma ɗaliban malama na karanta jaridun ƙasashen biyu. Wannan mai sauƙi ne, tunda na'ura na iya mayar da su duka ƴ kafin ta ajiye, ta kuma yi haka kafin ta nema. Na karin harshe ne ba ya yiwuwa sai da hannu: wanda ya ji tahi ko hwara a bakin mutanen Tawa da Gobir, haka zai rubuta su, kuma dole wani da ya san harshen ya gaya wa ma'aji cewa su ne tafi da fara. Malama ta ƙara layi a katunan don irin waɗannan, kati ɗaya ya riƙa amsawa ta ƙofa biyu ko uku.

Inda suka fi daɗewa suna ja-in-ja shi ne kan ƙugiya. Auta ya ce mutane da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ a wayoyinsu, ko suna da su amma ba su saba ba. In aka ce sai da ƙugiya za a sami kalma, rabin masu nema za su koma hannu rabbana. Ya so a shafe ƙugiyoyin daga mabuɗai baki ɗaya, a kuma mayar da manyan baƙaƙe ƙanana. Sai ma ya gano cewa dabarar da ake cire alamomin Faransanci da ita ba ta ci a nan, domin é ana iya tsinka shi zuwa e da alama, amma ƙ a Unicode harafi ne cikakke mai zaman kansa, ba k da rataye ba. Malama ta ce Unicode ya fi shi sanin Hausa. Ta lissafa masa abin da zai haɗe: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, daga da ɗaga, ƴaƴa da yaya. In kuma aka ƙanƙantar da manyan baƙaƙe, birnin Tawa ya zama tawa ta mallaka, garin Gaya da ke bakin iyakar Benin ya zama gaya ta gaya masa.

Dukansu suna da gaskiya, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Shi ƙofar shiga yake dubawa, ita kuwa ɗakin ajiya. Tunda akwati ya riga ya koyi riƙe jeri, haɗuwar baki da baƙi a mabuɗi ɗaya ta daina zama asara, ta zama taro. Suka yi fihirisa biyu. Ta farko mai tsanani ce, tana girmama kowace ƙugiya. Ta biyu mai sassauci ce, ba a zuwa gare ta sai ta farko ta ce ba ta sani ba, ko mai nema ya nemi ƙari. Wanda ya rubuta baki zai ga bakin magana, sannan a ƙasa a nuna masa baƙi na launi, da baƙi na saukar gida, da baƙi abokin wasali, kowane da rubutunsa na daidai. Sharaɗin malama ɗaya ne: gurɓataccen rubutu ya tsaya a mabuɗi, kada ya taɓa bayyana a fuskar shafi a matsayin kalma. A aji ta ga ribar da ba ta zata ba, don ɗalibin da ya yi kasalar sa ƙugiya yakan tashi da darasin ƙugiya.

Jera mabuɗan bisa abacada ma ya zo da nasa. Umarnin `sort`, in ba a gaya masa komai ba, lambobin haruffa yake bi. Lambar z 122 ce, ta ƙ 409, ta ƴ 436, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Saboda haka duk kalmomin da suka fara da ƙugiya sai su taru a bayan z, su ma a birkice, ƙasa kafin ɓera. `Intl.Collator("ha")` ya gyara wannan, ɓ ya koma bayan b inda ya dace.

Sunan da Auta ya raɗa wa ma'ajin a karo na biyu, fihirisa, ya fi na farko gaskiya. Fihirisa ba ita ce littafi ba. Hanya ce ta isa shafi, kuma ana iya yaga ta a sake wata ba tare da littafin ya ragu ba. Haka suka bar tsarin. Jerin katuna shi ne asali, shi ake gyarawa, shi ake adanawa a wuri fiye da ɗaya, yana nan da tsarin zuwansa da sunayen wuraren da aka ji kowace kalma. Ma'ajin kuwa duk lokacin da aka buɗe shafi ake gina shi daga jerin, in an rufe ya rushe. Malama ta kuma roƙi abu ɗaya da ta ce ko ita za ta iya dubawa, wato ƙidaya. A fihirisar da ke bin ainihin rubutun kowane kati, in aka zazzage akwatunan duka, adadin abin da ya fito dole ya yi daidai da adadin katunan da suka shiga:

```
Object.values(fihirisa).flat().length === jeri.length
```

In bai yi daidai ba, shafin ya ƙi buɗewa ya faɗi dalili.

Abin da bai warware da umarni ba shi ne wa zai zo da fari a cikin akwati. Ƙaramin jerin da ke ƙarƙashin kowane mabuɗi tsarin babban jeri yake gada, wato wanda aka fara bugawa shi ke sama, ɗalibi mai sauri kuwa na sama yake ɗauka ya wuce. Auta ya so a bi yawan amfani, sananniyar ma'ana a sama. Malama ta tambaye shi sananniya a ina, tunda abin da ma'aikacin da za a tura Damagaram zai fi ji ba lalle ne ya zama abin da mai karanta jaridar Kano zai fi gani ba. A ƙarshe ta sa aka fito da layin nan na ƙasan kati, mai nuna inda aka ji kalma, ya bayyana kusa da kowace ma'ana, tare da jimlarta. A ƙarƙashin mushe yanzu kati biyu ne, na malamin makaranta a sama da alamar Nijar a gefensa. A ƙarƙashin kai kuwa uku ne, na huɗu yana hannunta: kai ɗin mamaki da na tsawa, wanda har yanzu take juyawa ko ta ba shi katinsa, ko ta bar shi a gindin kai na jiki.